Katin Bidiyo Yana Zafi, Mama Tana Jiran Waƙoƙinta

Malam Maiwada, barka da aiki. Don Allah ka taimake ni da shawara, domin na kai inda ban san ko matsalata ta na'ura ce ko ta cikin gida ba. Na san filinka na harkar waya da kwamfuta ne, amma ka daure ka karanta har ƙarshe, tawa ta haɗa duka biyun.

Ni matar aure ce a Malumfashi. Sana'ata ɗaukar bidiyo da tace shi: biki, suna, taron coci, wani lokaci har walimar saukar karatu ta maƙwabtanmu Musulmi. Maigidana, Baban Salome, makanikin injinan gona ne. Injin ban ruwa, injin casar masara, injin niƙa, duk wanda ya ƙi tashi daga nan har Bakori wurinsa ake kawowa. Mutum ne mai hannu, wannan ba na musu. Abin da ke damuna da shi ɗaya ne: a wurinsa duk abin da ke da fanka kuma yake ƙara, to inji ne.

Da kakar da ta wuce ya lura tsohuwar kwamfutata tana jan ƙafa in ina haɗa bidiyo. Bai ce mini komai ba, sai ya tafi Funtua ya sayo mini katin bidiyo na hannu, wannan abin mai fanka biyu da ake soka wa kwamfuta don ta iya ɗaukar aikin hoto mai nauyi. Mai shagon ya ce masa daga waje aka kawo shi, kusan sabo ne. Daga baya na ji ana cewa irin waɗannan katunan wasunsu sun yi shekaru suna aiki ba hutu a hannun masu haƙar kuɗin intanet kafin su iso wurinmu. Ban sani ba ko nawa yana cikinsu. Na dai san na yi murna ranar, shi kuma ya fi ni murna, kuma duk tsawon sanyi katin ya yi mini aiki lafiya lau.

Da bazara ta kankama sai halinsa ya fito. Ina sa shi fitar da bidiyo, fankokin za su kama ihu kamar injin markaɗe, lambar da ke nuna zafinsa ta haye har ta wuce casa'in, sai allon ya yi baƙi, kwamfutar ta mutu ta sake tashi da kanta. Duk abin da aka fara ya tafi. In sake, ya sake. Ɗakin aikina kuwa bango ɗaya ne ya raba shi da rumfar da maigidana ke gwada injinan casa, rufin kwano ne babu silin, da rana ko ni da nake mutum da ƙyar nake zama.

Da a ce bidiyon biki ne kawai, da na ba masu shi haƙuri na huta. Abin da ya hana ni sukuni shi ne surukata, Mama Rahab, da ke zaune a Dayi. Ta daɗe tana jagorantar Zumuntar Mata a cocinsu, kuma yawancin waƙoƙin da mata ke yi a yankinmu ita ta tsara su, wasu a bakin murhu, wasu a gona. Bara ta samu shanyewar ɓarin jiki, tun daga nan tana kwance, maganarta ba ta fita sosai. A babban taron Zumuntar Mata na bana, mata daga Tsiga, Bakori da ƙauyukan kewaye suka keɓe yini guda suka rera waƙoƙinta, da tulu da ganga da caki, suka ambaci sunanta, suka miƙe tsaye suka yi mata addu'a. Ita ba ta iya zuwa ba. Ni na ɗauki bidiyon taron da kyamara biyu, na kuma je na durƙusa a gabanta na yi mata alkawarin zan kawo mata shi a gyare tsaf, da sunan kowace ƙungiya da baitocin a rubuce a ƙasa.

Yau wata na biyu ke nan ana ciki. Kowace Lahadi bayan sujada muna zuwa gaishe ta. Da na shiga za ta ɗaga hannunta mai lafiya ta nuna talabijin ɗin da ke kan teburi, ni kuma in ce mata mako mai zuwa, Mama. Na faɗi wannan maganar har na fara jin kunyar bakina. Jikin nata kuwa ƙara sanyi yake yi, abinci sai an lallaɓa ta. Ƙanwar maigidana, Phoebe, wadda ke jinyarta, ta ja ni gefe satin da ya wuce ta ce in da abin da zan kawo wa Mama, in daina jinkiri. Tun daga ranar, duk lokacin da waya ta yi ƙara sai in ɗauka mummunan labari ne.

Yanzu bari in gaya maka irin gyaran da aka yi wa katin, kada ka yi dariya, don ni dariyar ta ƙare mini. Da farko Baban Salome ya cire murfin gefen kwamfutar ya kafa mata fankar tsaye. Wannan ya ɗan taimaka. Sai ya sayo ƙanƙara ya zuba a kwano ya ajiye gaban fankar, wai iska mai sanyi ta riƙa shiga. Da na ga raɓa ta fara taruwa a jikin ƙarfen na ɗauke kwanon, ya yini bai kula ni ba. Bayan haka ya kwance katin gaba ɗaya. Ya tarar da wani abu mai launin toka tsakanin ƙwaƙwalwar katin da ƙarfen da ke janye zafi, ya bushe ya yi ƙanzo. Ya kankare shi, ya ce ai duk inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe giris ake sawa, ya lakato na injin casa ya shafa. Tun daga nan abin ya ƙara lalacewa, ga wani wari da ɗakin ke yi.

Na ƙarshen shi ne ya fi ba ni tsoro. Wani abokinsa ya nuna masa manhajar da ake ƙara wa kati gudu. Lissafinsa shi ne, tunda katin yana ɗaukar ɗan lokaci kafin ya mutu, a ba shi wuta sosai ya gama aikin tun zafin bai kama shi ba, yadda mota mai lodi ke ɗauko gudu tun daga ƙasa kafin ta hau tudu. Ya ja komai har ƙarshe. Yanzu katin yana mutuwa da wuri fiye da da, kuma kafin ya mutu wasu ɗigo-ɗigo masu launi suna fitowa a allo.

Na ce mu kai wa masu gyara a Funtua ko Zariya. Ya ce uwarsa ce, kuma shi ya sayo abin nan da hannunsa, don haka shi zai gyara. Yadda ya faɗa ne ya sa na bar maganar, don na ga idonsa ya kaɗa. Na gane ba taurin kai ne kawai ba. Mutumin nan yana tayar da injin kowa a garin nan, ga mahaifiyarsa kwance ya kasa yi mata komai, sai wannan ɗan abin ya rage masa. Duk lokacin da na ce katin yana da matsala, ji yake kamar shi na ce wa. To ni ma fa na gaji, Malam. Na gaji da lallashi, na gaji da zama a ɗaki mai zafi ina kallon lamba tana hawa, na gaji da yi wa tsohuwa alkawari. Ga shi duk abin da na ɗauka a taron yana cikin kwamfutar nan ne kaɗai, babu shi a ko'ina, har tsoron kunna ta nake yi.

Shin katin nan zai gyaru, ko mun riga mun kashe shi? Kuma ta yaya zan karɓe shi daga hannun maigidana ba tare da na karya masa zuciya ba?

Matar makaniki, Malumfashi

'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya. Ban yi dariya ba, sai dai na ɗan murmusa wurin giris, ki yafe mini.

Kafin komai, yau ɗin nan, ki zare katin daga kwamfutar. In tana da wurin soka allo a jikinta za ta tashi ba tare da shi ba, in babu ki ari ƙaramin kati. Ki kwafe duk bidiyon taron zuwa wata ma'ajiya ta daban, in da hali biyu. Na'urar da ke mutuwa tana tashi a tsakiyar aiki tana iya lalata abin da ke cikinta, kuma wannan ita ce asarar da ba ta da gyara.

Ba a komai ne maigidanki ya yi kuskure ba, wannan ki fara gaya masa. Buɗe wa kwamfuta hanyar iska daidai ne. Gano cewa man nan mai launin toka ya bushe kuma shi ne tushen ciwon, wannan ma idon gwani ne, tsofaffin katuna da yawa abin da ke damunsu ke nan. Inda ya kauce shi ne maganin. Giris aikinsa rage gogayya, a nan kuwa babu abin da ke gogar wani, zafi ake so ya ratsa daga ƙwaƙwalwar zuwa ƙarfen, kuma giris narkewa yake ya tsiyaye. Ƙanƙara kuma kin yi daidai da kika ɗauke, raɓa ɗaya a inda bai dace ba ta isa ta gama da katin. Maganar ƙara gudu, ki tambaye shi cikin harshen sana'arsa: in injin ban ruwa yana zafi, totur ake ƙara masa ko ragewa ake yi? Zai ba kansa amsa.

Ba na ba ki shawarar ki karɓe katin daga hannunsa. Ki bar masa sukundireba, ke ki riƙe bayani. Ku sayo man kwamfuta na gaske, duk mai sayar da kayan kwamfuta a Funtua ya san shi. A goge giris ɗin tas da sifirit da ƙyalle mai tsabta, a bari ya bushe. A share tsakanin haƙarƙarin ƙarfen da busasshen burushi, na tabbata ƙaiƙayin masara ya yi gida a ciki. A ɗiga man kamar ƙwayar wake a tsakiya. Akwai wasu 'yan faci masu laushi a kan ƙananan ƙwayoyin da ke kewaye, kada a yaga su, in sun ruɓe a sauya da masu kauri iri ɗaya. A ɗaure notunan a gicciye, kaɗan-kaɗan, yadda yake ɗaure kan inji. A wannan ya fi ni da ke iyawa. Ya kuma juya fankokin da yatsa, in ɗaya tana cijewa a canza ta.

Sannan ku koma manhajar nan ku mayar da komai yadda kamfani ya saita. Daga nan ku rage iyakar wutar da katin ke ja zuwa kamar kashi saba'in da biyar cikin ɗari, ku sa fankokin su riƙa tashi da wuri. Gudun da za ki rasa kaɗan ne, zafin da zai sauka kuwa mai yawa ne. In yana aiki zafinsa bai wuce tamanin ba, kun ci nasara. Ki ɗaga kwamfutar daga ƙasa, ki matsar da ita daga bangon rumfar, ki riƙa fitar da aiki da safe, waƙa ɗaya bayan ɗaya, don in ta mutu kada ki rasa duka. Amma ba zan ɓoye miki ba: in ɗigo-ɗigon nan suka ci gaba da fitowa bayan duk wannan, katin ya samu rauni a ciki, babu man da zai warkar da shi. In haka ta faru, tsufansa ne da wahalar da ya sha tun kafin ya zo gidanku, kada kowa ya ɗora wa kansa laifi.

Saura babbar maganar. Ke da maigidanki kun ɗaure alkawarin Mama a jikin katin nan, alhali ba ya buƙatarsa. Bidiyon da kika ɗauka yana nan, da sautinsa. Ki zaɓi na kyamara ɗaya, ki zuba a filashi yadda yake, da rawar hannu da kan mutanen da ke giftawa. Sunayen ƙungiyoyi da baitoci a ƙasan allo na masu sayen faifai ne. Matar da ta tsara waƙoƙin ba ta buƙatar a rubuta mata su. Na san a sana'arku fitar da ɗanyen aiki abin kunya ne, amma wannan kunyar ki haɗiye ta. Ki ba Baban Salome filashin ya soka a talabijin da hannunsa, ya zauna kusa da mahaifiyarsa su kalla tare. Kuma kada ku jira Lahadi, Dayi ba nisa gare ta ba. Gyararren bidiyon zai iya jira har damina ta sauka gari ya yi sanyi. Mama ce ban da tabbacin za ta iya.

Allah ya ba ta sauƙi, ya sa ta ji matan nan suna kiran sunanta da kunnenta, ya kuma ba ku haƙuri da juna.

Malam Maiwada