Tambayar Ayen da Na Riƙe

Zuwa ga Yayata Khairiyya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya aiki, ya baƙunta a Sudan ta Kudu? Allah Ya tsare mana ke. Nan Dudunni kowa lafiya, sai zafin bazara. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana zuwa rijiya.

Yaya, akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Kin san saƙon murya ba ya sauka a garinmu, shi ya sa kike rubutowa, in na je Kankia ranar kasuwa ya shigo wayata, in dawo in karanta wa matan ƙungiyar Gwaggo Tani. To ba duka nake karantawa ba. Duk inda sunan Ayen ya fito tsallakewa nake yi.

Tun ranar da kika turo hotonku ne. Kika ce ga Ayen, wadda yaƙi ya raba da babanta, kuke aiki tare da ita da uwarta a ƙungiyar matan can, kika kira ta ƙanwarki. Na ƙara girman hoton, sai ga ɗankwalin da na yi wata biyu ina yi miki surfani a kanta. Kuma ya yi mata kyau, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. A littattafan da nake ɓoyewa ƙarƙashin katifa kullum kan saurayi ake kishi, babu wanda ya gaya min ana yin shi kan yaya. Ita tana miƙewa ta yi magana gaban dattawa, ni ko baƙo ya yi sallama sai in shige ɗaki. Na ce a raina ai kin sami ƙanwar da ta dace da ke.

Sai ga saƙonki na sati biyar da suka wuce, cewa dangin baban Ayen za su karɓe gonar uwarta da zarar ruwa ya sauka, tana tambaya yadda matanmu suka yi gonakin waɗanda ’yan bindiga suka kashe wa maza ba su salwanta ba. Na karanta wa su Gwaggo gaisuwa da labarin zafi, na rufe waya. Da kika sake rubutowa kika ce ba ki zaci za su yi shiru ba, shi ma na haɗiye. Ba su yi shiru ba, Yaya. Ba su ji ba ne.

Shekaranjiya na karanta musu kamar yanzu ya iso. Gwaggo Tani ta tafa hannu ta ce wannan ɗiya ta cika sanyin jiki, mutum zai tambayi dabarar shuka sai hadari ya haɗo? Kowa ya yi dariya, ni kuwa kaina na ƙasa.

Ga amsarsu. Gwaggo ta ce kada uwar Ayen ta je gonar ita kaɗai, kada kuma ta tsaya jiran a gama gardama. A kira gayya ta mata zalla, ranar ruwan farko su fita da iri su shuke gonar kaf. Haka suka yi a gonar Sumaiya da aka kashe wa miji, su arba’in, ƙanen mijinta ya zo ya tsaya bakin iyaka ya juya, don a ciki har da uwarsa da matarsa. Ta ce sirrin ke nan, a fara jawo matan gidan masu son ƙwacen, kuma a sa babban da ake jin maganarsa ya taka iyaka gaban jama’a. Ta ce a gaya wa Ayen tana da uwaye a Dudunni, Inna ma ta ce tana sa ta a addu’a. Na tura miki wannan a waya, ban ga alamar ya shiga ba.

Ba zan yi miki ƙarya in ce kishin ya tafi ba, yana nan. Amma in gonar nan ta kuɓuce saboda ni, ban san da wane ido zan dube ki ba.

Inna, Baba Arzika, Ishaq da Gwaggo Tani duk suna gaishe ki. Ki gaishe min da Ayen. Ki ce mata in za ta wanke ɗankwalin kada ta murza wajen furen, zaren yana zuba.

Gobe Malama Rauda za ta tashi daga Kankia zuwa taron matan da za ku haɗu. Sau uku ina niyyar yage shafin farko in aiko da amsar kawai, amma sai laifin ya zauna kan su Gwaggo. Duka zan ba ta, kuma da hannuna.

Taki ƙanwa, ta farko,
Amatullah