Kalmar da Baba Bai Manta Ba

Laraba da dare, Mafara

Yau na je Bakura duba Baba, mantuwar sai ƙaruwa take yi. Ina shirya darasin gobe a gefen gadonsa, sai na karanta "ablaut" a fili, wato sauyawar wasali irin ta sing, sang, sung.

Kwana uku bai ce uffan ba, amma sai ya ɗago kai. "Jamusanci ne. Ab, kaucewa. Laut, sauti. Turanci aro ya yi." Da muryarsa ta aji ya faɗa, wadda ya shekara talatin yana koyarwa da ita.

Na riƙe hannunsa, murna ta cika ni.

Ya dube ni, ya ce, "Sannu malama. Ke ɗiyar wa ce?"

Na faɗa masa sunansa. Ya ce in gaishe shi.