Ruwan Cikin Kabad

Litinin, 4 ga Disamba

Kai mai leƙen littafin tsohuwa, amsa mini: wane ne ba shi da baki amma yana shan ruwa, in ƙishi ya kama shi sai cikinsa ya fashe?

Iska ta bushe, diddigena duk ya tsage. Na jiƙa soso a kwano na sa a kabad, ƙarƙashin gogen marigayi mijina Zamani, yadda yake yi duk shekara don kada fatar ta bushe. Abin da ya bar mini ke nan, sai jikoki masu ci kamar gara.

Laraba, 6 ga Disamba

Rifkatu, matar ɗana Noah, ta kama ni. "Mama, wa kike ba ruwa a kabad? A gidan Kirista?" Na ce surukinki ne, ƙishi yake ji, in ban ba shi ba ɗakinki zai zo nema. Ta fita da baya-baya. Na yi dariya har da tari.

Asabar, 16 ga Disamba

Na dawo daga biki a Paiko. Kabad a buɗe, kwano a kife. Ashe Rifkatu ta kira matan addu'a, sun zubar da ruwan, sun shanya gogen a rana wai abin da ke ciki ya fita. Fatar ta tsage tun daga sama har ƙasa.

Muciya ce kusa. Na maka mata a baki, na ƙara a kafaɗa. Ta ture ni, na faɗa kan kabad, gilashi ya tarwatse ya yanke mini hannu. Jini a tabarma, nawa da nata. Tana ihu, "Ke kika ce! Mama, ke kika ce!" Na cije ta kafin Noah ya raba mu.

Lahadi, 17 ga Disamba

Ban je coci ba. Haƙorinta ɗaya yana rawa. Ya faɗi mana.

Juma'a, 22 ga Disamba

Gogen ya ɓace. Na wasa wuƙa na ajiye inda za ta gani.

Alhamis, 4 ga Janairu

Ashe Rifkatu ce ta kai shi garin Garatu, wurin wani tsoho mai ɗaura fatar guza. Ya dawo. Muryarsa ta canza, amma yana magana.

Da safe na ga tana matse soso a kwanon kabad, ga tabo a leɓenta. Ruwan ya yi yawa. Na bar ta, hannuna ne ke ciwo. Makullin kabad ɗin ma na bar mata, nauyi yake mini.

Mai leƙe, ga amsarka: goge ne.