Layin Fenti a Bututun Salansa

Amarillo, 4 ga Maris, 1996

Orval,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da matarka Lorene. Wasiƙarka ta same ni a gareji, hannuna duk baƙin mai.

To Malam, ashe tagwayen salansa kake son sa wa motar Baba. Madalla. Mutumin da ya shekara goma sha biyar yana koyar da lissafi, wanda ko sifana bai san ta ina ake riƙewa ba, shi Baba ya ga ya dace ya bar wa Chevelle ƙirar 1968 a wasiyyarsa. Ni kuwa da na gina gareji mai rami shida da hannuna, ba da taimakon kowa ba, an bar mini agogon aljihu da ba ya tafiya. Ba ƙorafi nake ba, tuna maka kawai nake yi.

Ka ce in ba ka shawara. Ka rufe ta da tamfol ka koma gaban allonka.

Yayanka,
Dewitt

Sallisaw, 19 ga Maris, 1996

Yaya Dewitt,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, na ga saƙonka, na kuma gode. Ban bi shawararka ba. Na yi odar bututu biyu, na kwanta ƙarƙashin motar Asabar biyu a jere, na ɗaura su. Sai dai muryar ba daɗi. Kowane gefe kukansa daban, kamar mutum biyu suna cacar baki. Lorene ta leƙo ta taga ta ce, "Orval, mota ce wannan ko akuya ce ta maƙale a shinge?"

Ina so ta gyaru kafin ranar share kaburbura a watan Mayu, mu je wurin Baba a cikinta. Ranar jana'iza ko zama ba ka yi ba, ana rufe shi ka kama hanya. Ka zo wannan karon, don Allah.

Ƙaninka,
Orval

Amarillo, 27 ga Maris, 1996

Malam Orval,

Ina gaishe ku. Ka ce wa Lorene kunnenta ya fi naka, na yi dariya har da hawaye.

Bari in koya wa malami karatu. Injin nan silinda takwas ne, huɗu dama, huɗu hagu. In ka ba kowane gefe bututunsa ka bar su haka, ba za su taɓa jituwa ba. Sai an haɗa su da ɗan guntun bututu a tsakiya, mu gada muke ce masa. Kuma ba ko'ina ake sa gadar ba. Za ka ja layin fenti a jikin kowane bututu, ka tayar da mota ka zaga da ita. Inda fentin ya fara ƙonewa, nan zafi yake taruwa, nan gada take zama. A wurin Baba na ga wannan dabarar, ita kaɗai na gada.

Kai kana yaro lokacin, ba za ka tuna ba. Ina shekara sha bakwai na lanƙwasa wa motar nan bututu biyu da hannuna, wata guda ina yi. Na kai masa ina rawar jiki. Ya juya su, ya dubi waldar, ya ce, "Wannan walda ce ko kashin kaza?" Na ce, "Baba, ka bari dai in ɗaura mu ji." Ya ce, "A motata? Je ka ɗaura wa baro." A satin na bar gidan. Kai kuwa in ka kawo takardar jarrabawa, a ƙofar firij ake manna ta kowa ya gani.

Don haka kada ka jira ni a Mayu. Motarka ce, Babanka ne. Ka nemi mai walda a garinku.

Dewitt

Sallisaw, 9 ga Afrilu, 1996

Yaya,

Ina fatan kana lafiya. Na hau saman rumfar Baba ina neman ragowar fenti don in gwada abin da ka ce. A bayan katakai na tarar da wani abu naɗe cikin tsohon bargon Mama. Bututu biyu ne, waldarsu duk ƙulu-ƙulu. Ka yi haƙuri, Baba bai yi ƙarya ba a kan waldar.

Amma kowannensu da layin rawayan fenti, irin na taraktarsa, kuma layin ya ƙone baƙi ƙirin a wuri ɗaya. An ɗaure musu wani guntun bututu da waya, an yanke shi daidai tsakaninsu, ba a yi masa walda ba.

Ka ce ba zan tuna ba. Na tuna. Bayan tafiyarka da 'yan kwanaki, wata safiya muka ji rurin motar har tagogi na rawa. Mama ta fito da ludayi a hannu tana ce wa Baba, "Burl, so kake ka tashi matattu?" Ya ce, "Yi shiru, mata, ina sauraro." Ya je har gadar kogi ya dawo. Kafin azahar ya kwance bututun naka da ya ɗaura, ya mayar da tsohuwar salansa. Sai yanzu na gane abin da yake sauraro.

Tunda ana faɗin gaskiya, ga tawa. Shekara goma ni ke kai shi asibiti, ni ke yanke masa farce. Ko sau ɗaya bai ba ni makullin motar nan ba. In na taɓa ta sai ya ce, "Bari, ba a gama aikinta ba." Kai kana kishin mota, ni ban san sunan abin da nake kishi ba.

Mai tsofaffin ƙarafa zai zo ranar Litinin. In ba shi su?

Ƙaninka,
Orval

Amarillo, 12 ga Afrilu, 1996

Orval,

Gaisuwa. In ka bari mutumin nan ya taɓa su, ni da kai ne. Kada ka goge fentin, kada ka kwance wayar.

Ina tafe ranar Asabar da injin waldata. Ka cire tarkacen da ka yi oda kafin in iso. Ni zan haɗa gadar, kai za ka riƙe mini bututu, in nuna maka ta ina ake kama sifana.

Har gobe ina nan a kan bakana, ni ya kamata a bar wa motar. A Mayu kai za ka tuƙa zuwa maƙabarta, ni ina so in saurara. Amma a dawowa makullin nawa ne.

Yayanka,
Dewitt