Katin da Na Bayar a Watandar Turawa

Daga akwatin saƙo. Mai saƙon ya ce a sakaya sunansa.

Assalamu alaikum jama'ar wannan guruf, malamai da masu ganin kansu malamai. Admin a ɓoye sunana, ko da yake ban san wa ya rage da zai gane ni ba. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku karanta har ƙarshe kafin ku fara yi min wa'azi, na san halinku, wasu layi biyu suke karantawa su haye mumbari.

Ni dattijo ne, na haura saba'in, a Jidda nake tun ina saurayi. Karatuna ya tsaya a aji huɗu na firamare a Kano, ragowar digirin a kan sitiyari na yi shi, shekara talatin ina tuƙa Turawan wani kamfani, a nan na tsinci Turancin da ya ishe ni tambayar hanya da ramuwar zagi. A unguwar Karantina na yi aure, ɗa ɗaya ne ya rayu mana, bari in kira shi Abba don sunan mahaifina gare shi. Uwarsa ta rasu shekara shida ke nan. Bayan nan aka rushe unguwar, maƙwabtan da muka yi shekara arba'in muna jin tarin juna ta bango kowa ya kama gabansa, wasu Makka, wasu gida Najeriya, wasu maƙabarta. Yanzu ina wani ɗaki a hawa na uku can arewacin gari, tsohon kafilina, ubangidan da ya tsaya min, shi ne ya riƙe min iƙama, takardar zama, Allah ya saka masa. Maƙwabcina na ƙofa da ƙofa ban san sunansa ba, takalminsa dai na sani.

Abba yana Amurka, karatu ya kai shi, aiki ya riƙe shi. Da muna waya, amma wayar ɗa da uba kun san ta, ya jiki, ya aiki, an ci abinci, halas, wato shi ke nan, sai shiru ya zauna a tsakaninmu har ɗaya ya ce sallah ta yi. Wata rana bara sai ya ce, Baba, akwai abin da nake kallo duk daren Alhamis, a wajenku safiyar Juma'a ce bayan asuba, ka zo mu dinga kallo tare. Ya turo min hanyar shiga a waya.

Ga yadda abin yake. Wani Bature ne yake sayen kwalaye a rufe cike da katunan 'yan wasan besbol, wasan nan da ake jefo wa mutum ƙwallo ya maka mata kulki ya ruga kamar ya yi sata. Mutum talatin kowa ya kama ƙungiya ɗaya, sai Baturen ya kunna kyamara, ya sa safar hannu kamar likitan haƙori, ya dinga farke fakiti yana nuna kati ɗaya bayan ɗaya. Duk katin ɗan ƙungiyarka da ya fito naka ne, a aiko maka ta gidan waya. Da Abba ya gama bayani na ce, kai yaro, ai wannan watanda ce, sai dai naman na kwali ne. Ya yi dariyar da rabona da jin ta tun uwarsa na da rai. Daga ranar na naɗa Baturen Sarkin Fawa. Na san masu cewa caca ce sun riga sun wasa yatsa, ku ajiye wannan, zan kawo muku ita a wani saƙon ku yanka ni da kyau, yau ba ita ce ta hana ni cin abinci ba.

Haka muka yi kusan shekara. In dawo daga masallaci, in tsaya in sayi waken ful da gurasar tamis, in haɗa shayi, in jingina waya da gwangwanin madara. Abba ne yake biya mana kashinmu, kullum ƙungiya ɗaya, masu jar hula. Yana wata wayar muna hira, ni ina ba da fatawa a kan 'yan wasa, wannan ƙafarsa ta direban tirela ce, wancan gemunsa na mai sayar da turare ne. Sarkin Fawa da ya gane uba da ɗa ne, kuma uban daga Jidda, duk sanda na shigo sai ya ɗaga hannu ya ce ga Baba Jidda ya iso. Kada ku yi dariya, a mako guda shi kaɗai ne yake kiran sunana da ƙarfi. Har Abba ya taɓa rubuta masa cikin wasa cewa duk abin da babana ya ce a kan kashinmu shi ke nan.

To a cikin mutanen akwai wani, ban taɓa ganin fuskarsa ba, sai rubutunsa a gefen allo, inda masu kallo suke hira. Mako takwas a jere ƙungiyarsa ba ta fito da komai ba sai tarkace, shi kuma kullum sai ya taya kowa murna ya ce sai wani makon. Na sa masa Malam Babu. Ni kuwa a Karantina shekara ashirin ni nake kasa naman watandar sallah, kuma dokarmu ɗaya ce, in kashin mutum ya zo da ƙashi zalla sai a tsakuro daga na masu tsoka a cika masa, ba wanda yake komawa gida da kwano wayam yana kallon na wasu. Ba a ma shawara a kai, hannu ne yake yi da kansa.

Juma'ar da ta wuce Abba ya ce aiki ya riƙe shi, Baba ka tsare mana kujera. Ina zaune ni kaɗai, can a kwali na ƙarshe Sarkin Fawa ya daka ihu har ya miƙe tsaye. Kati ne mai ƙyalli, ɗan wasan ya sa hannu a kai da biro, kuma na masu jar hula ne, namu. Gefe ya cika da barka da arziki. A cikinsu har da Malam Babu, ya ce ya taya ni murna, shi yau ma babu, wataƙila daga yau ya haƙura. Wallahi ban yi tunani ba. Na sa yatsa ɗaya na rubuta da Turancina na direba cewa a ba shi. Sarkin Fawa ya cire tabarau, sau uku yana tambayata ko na san abin da nake faɗa. Ni da na tuƙa manajoji, za a tambaye ni sau uku a gaban jama'a? Na ce na bayar. Aka yi ta tafa min, na ji kaina kamar na gina masallaci.

Da yamma Abba ya kira, ya riga ya kalli maimaicin. Na ɗauka faɗan tsada zai yi, har na shirya masa huɗuba a kan abin duniya. Bai ɗaga murya ba. Ya fara da Hausa, sai ya zame Larabci, shi in abu ya kai masa wuya Hausarsa guduwa take. Ya ce shekara biyar yana neman katin mutumin nan. Ya ce makon da Umma ta rasu, da takardu suka hana shi zuwa jana'iza, ya rasa inda zai sa kansa a garin da bai san kowa ba, sai ya bi taro ya shiga filin wasa, ya zauna cikin dubban mutane yana kuka ba mai kallonsa. Wannan ɗan wasan ne ya buga ƙwallo ta fita fili, kowa ya miƙe yana ihu, shi ma ya miƙe ya yi ihun da ya kasa yi a ɗaki. Ya ce, Baba, shekara guda muna zaune tare, ka sa wa kowa suna, ka san wanda bai samu ba, amma ba ka taɓa tambayata me ya sa kullum jar hula ba.

Ni duk shekarun nan a zatona ni kaɗai aka yi wa mutuwa.

Na ce bari in sa a dawo da shi. Ya ce halas Baba, ka riga ka bayar, kada ka kunyata kanka saboda ni. Tun ranar bai kira ba. In na kira yana ɗauka, ya jiki, ya aiki, mun koma gidan jiya.

Sarkin Fawa mutumin kirki ne, bai aika katin ba, ya tambayi Abba, Abba ya ce a bi maganar babansa. Sai ya rubuto min cewa ran Litinin mai zuwa zai kai kaya gidan waya, magana ta ƙarshe tawa ce. Shi kuma Malam Babu bai san wainar da ake toyawa ba. Ya nemi lambata ya turo min doguwar wasiƙa, na kai wa mai kantin ƙasan benenmu ya fassara min. Ashe tsoho ne kamata, matarsa ta rasu bara, ya ce ba don kati yake shigowa ba, don ya ji muryar mutum a falo ne. Ya ce ya riga ya share wa katin wuri kusa da hotonta. Yanzu kullum da safe sai ya turo min gaisuwa, har ya koyi rubuta sannu.

To jama'a ga inda nake. In na ce a mayar wa Abba, na karɓe kyauta daga hannun mutumin da ya yi mata shara, abin da ban taɓa yi ba ko a kan tsokar nama, kuma ban tabbata Abba zai karɓa ba, don ba katin kaɗai ne ya yi masa ciwo ba. In na bari ya tafi, na ɗauki abin ɗana na yi alheri da shi don a tafa min. Ko in faɗa wa Malam Babu gaskiya in bar shi da nauyin? Wannan ma ai roƙo ne aka sa masa babbar riga.

Masu 'ya'ya a nesa, da ku 'ya'yan da kuka bar iyaye, ku nake so ku amsa. In kai ne Abba, me kake so tsohon nan ya yi? Gobe Juma'a. Zan sayi ful ɗina in jingina waya kamar kullum, Sarkin Fawa zai ce ga Baba Jidda ya iso, ni kuma idona yana gefe ina duba sunayen da suke shigowa. Suna ɗaya nake nema.