Robobi Biyun da Hikima Ta Matsar

Lahadi, 6 ga Oktoba 2024

Yau Ustaza Wafa', mudira, wato shugabar wasanni ta kulliyarmu, kwalejin da nake aiki, ta kira ni ofis ta ce an amince a ɗaukar mini mataimakiya. Saura kaɗan in rangaɗa guɗa. Shekara huɗu ina fama da 'yan mata ashirin da shida ni kaɗai: ni ce kocin ƙwallon ƙafa, ni ce mai jan jakar ƙwallaye, ni ce mai lallashin wadda ta yi kuka. Ta miƙo mini takardun mutum goma sha ɗaya, ta ce in tace su zuwa uku, ranar Alhamis 24 ga wata in kawo mata suna ɗaya, shi ke nan.

Na dawo gida unguwar Bani Malik ina waƙa a mota. Rilwanu ya ce tun da ya aure ni bai taɓa ganin na shigo gida daga fili ban yi wa kowa faɗa ba sai yau.

Litinin, 7 ga Oktoba

Na tace. Mashael, wadda ta yi wa wani kulob wasa shekara uku. Dalal, lasisinta ya fi nawa, ta yi kwas a waje, takardarta shafi huɗu har da hotuna.

Ta ukun ce ta tsaya mini a rai. Hikima Muntaka. 'Yar Mariyamu, wadda katanga ɗaya ta raba mu a Karantina kafin a rushe unguwar kowa ya kama gabansa. Na goya yarinyar nan a bayana. Yanzu tana horar da yara mata a wani filin haya a unguwar Ruwais, kuma takardarta ta cancanci shiga cikin ukun, ba ni na yi mata alfarma ba. Amma ko da wasa ba ta gaya mini ta nema ba.

In na ɗauke ta za a ce wasɗa ce, Bara'atu ta jawo 'yar gidansu. Shekara huɗu ban bar wa kowa ƙofar faɗin haka a kaina ba.

Talata, 8 ga Oktoba

Mariyamu ta bugo. Minti ashirin muna gaisuwa, ya Rilwanu, ya gwiwa, ya zafi, ba ta ambaci aiki ba. Sai da za ta kashe ta ce kafilin Malam Muntaka, ubangidan da izinin zamansa a ƙasar ke hannunsa, zai rufe shagonsa ƙarshen shekara, iƙamar Hikima kuwa, takardar zamanta, a ƙarƙashin ta babanta take. "Allah dai ya rufa asiri," in ji ta. Na ce amin. Mu duka mun san abin da aka faɗa.

Laraba, 9 ga Oktoba

Intabiyu, ni da Ustaza Wafa'.

Mashael akwai fara'a, ko dutse za ta sa dariya. Dalal ta zo da kwamfutar hannu, ta nuna mana zane-zane masu motsi, tana magana kamar rediyo. Ta burge ni, ban ɓoye ba. Ta ɗan tsorata ni ma, wannan kuma a nan kawai zan rubuta.

Hikima ta shigo kanta a ƙasa. Tambayar farko ta ce, "Na'am, Khala." Khala, wato anti, a gaban mudira! Na ce a nan Kabtin nake, kamar yadda kowa ke kira na. Daga nan bakinta ya mutu. Kowace amsa kalma uku. Yarinyar da muryarta ke tashin kajin unguwa in tana rigima da yayyenta.

Na ba ta maki mafi ƙasa. Na ji zafi, amma na ji sanyi kuma, ba wanda zai ce na yi son kai.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Bayan la'asar mun je bakin teku da filas ɗin shayi. Iska mai daɗi, zafi ya fara sassauci. Na gaya wa Rilwanu tarkon da na shirya. Kowacce za ta zo ta ja atisaye ɗaya. Zan jera robobin alama a gaban raga, kowace roba wurin da 'yar wasa za ta tsaya in abokan hamayya za su bugo kwana. Da gangan zan janye robar da ke gadin ƙarfen raga na kusa, in bar wurin wayam. Sai in ce ta gudanar yadda na jera, in koma gefe. Wadda ba za ta iya ce mini na yi kuskure ba, me zan yi da ita?

Ya ce, "Wannan ai mugunta ce." Na ce aiki ne. Ya cinye mini sambusa biyu yana wa'azi.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Mashael ba ta ga komai ba. 'Yan mata sun ji daɗinta, sun sha dariya, an zura mana uku ta ƙarfen kusa tana tafa musu. Allah ya ba ta wani wurin.

Litinin, 14 ga Oktoba

Dalal ko minti ɗaya ba ta yi ba. Ta ɗaga murya daga tsakiyar fili, "Kabtin, wannan galaɗ ne, kuskure ne, wa ke gadin ƙarfe?" 'Yan mata ashirin da shida suka juyo suna kallona. Ni na haƙa ramin, amma wallahi sai da kunnena ya yi zafi. Ta gyara, atisaye ya tafi tsaf, komai a kan minti.

Abin da na nema ke nan. To me ya sa nake ta wanke kofi ɗaya tun ɗazu?

Talata, 15 ga Oktoba

Hikima. Na jera, na ba ta usur, na je gefe na saita wayata a kan sanda don ɗaukar bidiyo kamar yadda na yi wa sauran. Na jira ta yi magana. Ta dubi robobi, ta dube ni, ta sunkuya tana ɗaure takalmi. Sai ta busa usur.

Atisayen ya yi kyau, ban hana ta ba. A fili muryarta ta dawo, "Yalla, yalla, ke ɗago kai!" Amma raina ya riga ya ɓaci, rabin lokacin ina kallon takarda. Na rubuta a gaban sunanta: ba ta gani ba.

Laraba, 16 ga Oktoba

Dalal ce zan ɗauka. Sai yadda zan kalli Mariyamu.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Na zauna da rana in yanko bidiyon da zan nuna wa mudira. Na kai wurin ɗaure takalmin nan, sai na ga abin da ban gani a fili ba. Takalminta a ɗaure yake. Tana sunkuye ta sa hannu ta ɗauki roba ta mayar gindin ƙarfe, jikinta ya kare ta daga idon 'yan mata. Ta miƙe, ta yi taku shida kamar mai auna fili, ta sa gefen ƙafa ta tura wata robar daban zuwa bakin da'irar gola.

Ta biyun nan ba ni na ɓata ta ba. A nan nake ajiye ta tun ranar da na fara aiki.

Na maimaita wurin sau bakwai. Ba ƙwallo ɗaya da ta shiga a atisayenta, ni kuwa ina can ina rubuta mata faɗuwa.

Asabar, 19 ga Oktoba

Na je Ruwais da safe ban sanar da ita ba. Na jira ta sallami yaranta, na nuna mata bidiyon. Ta rufe fuska da gefen mayafi.

Na ce me ya hana ta magana. Ta ce, "Khala, a gaban ɗalibanki? Ke kika goya ni fa."

Na ce ta farkon tarko ce, ta biyun fa?

Da ƙyar, kamar ana zare mata haƙori. Wai in an bugo kwana muka fitar da ƙwallo da ka, bakin da'ira take faɗawa, mu kuma ba kowa a wurin saboda ina tura 'yar tsakiyata can ciki kusa da gola. Mai bugowa tana samun fili, gola kuma ba ta ganin ƙwallon sai ta wuce ta, don tamu ce ta tare mata ido. Ta ce bara sau biyar aka ci mu haka. Ta lissafo wasannin ɗaya bayan ɗaya. Ashe duk tana zuwa kallo, tana zama can sama.

Biyar ɗin nan na san su. A kansu na ajiye Bayan, golata, a benci rabin kakar wasa, na ce mata barci take yi a raga.

Na yi mata tas. Na ce kin zo gidana da Sallah, kin ci tuwona, kin wanke mini kwanuka, kina riƙe da wannan a ciki? Kin rufa mini asiri, yarinyar mutane ta sha benci. Idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Ki yi haƙuri, Khala." Ni ma nawa ya kawo, sai na ce rana ce.

A hanya na tuna ni ma haka aka tarbiyyantar da ni. Har Inna ta rasu ban taɓa ce mata gishiri ya yi yawa ba.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Na kira Bayan gefe kafin atisaye na ce ƙwallayen bara ba laifinta ba ne, nawa ne. Ta tsaya tana kallona kamar na yi mata Sinanci. Sai ta ce, "Ɗayyib, Kabtin," ta sa safar hannu ta ruga raga. Yau ko sauro bai wuce ta ba.

Litinin, 21 ga Oktoba

Na faɗa wa Ustaza Wafa' komai: Karantina, goyo, iƙama, tarko, bidiyo. Na ce Dalal tana faɗa, Hikima tana gani, ni kuma na kasa raba son rai da gaskiya, ta taya ni.

Ta ce ita dai Dalal ta so, takarda ba ta ƙarya. Amma ta kalli bidiyon sau biyu. Ta ce a kira su duka ranar Laraba, a ba kowacce allo, tambaya ɗaya: mene ne babban kuskuren Kabtin Bara'atu a tsaron kwana? Ina zaune a wurin. Ita za ta yanke, ba ni ba.

Na bugo wa Hikima na ce in ta rufa mini asiri ranar Laraba, aiki na Dalal ne, kuma ni da kaina zan sa hannu. Ta ce, "Khala, yaya zan yi in..." Na kashe.

Laraba, 23 ga Oktoba

Dalal ta fara. An ba ta bidiyon wasanninmu tun jiya, ta kawo abu huɗu, biyu gaskiya ne, na rubuta su. Ba ta kai ga bakin da'ira ba.

Hikima ta tsaya gaban allo da alƙalami. Ta dube ni. Na ɗaure fuska na kalli silin. Mudira ta duba agogo, na ce shi ke nan.

Sai ta juya mini baya gaba ɗaya, ta fuskanci allo, ta ce, "Kabtin tana ajiye lamba shida, 'yar tsakiya, a wurin da ba shi da amfani." Da ta samu ta furta wannan sai sauran ya ɓalle. Ta zana wasa biyar daga ka, da minti, da sunan wadda ta ci. Ta ƙara da wani na shida da ban ma sani ba. A gaban mudira aka kwance mini zani, da Larabci mai kyau kuma, ina zaune ina jin daɗi kamar wata sakarya.

Da ta gama ba ta juyo ba sai da aka ce ta zauna.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Hikima. Mudira ce ta rubuta sunan da hannunta, ta ce a fara takardun mayar da iƙamarta kan kulliya.

Na kira Dalal da kaina. Ta ce, "Mabruk gare ta, ta ga abin da ban gani ba." Yarinyar kirki ce, na ba da lambarta ga wata koci da na san tana nema.

Mariyamu ta bugo, minti ashirin na gaisuwa, ba ta ambaci aiki ba. Muryarta kawai ke rawa.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Wasan farko na kaka, mun ci biyu da ɗaya.

Saura minti goma na ɗaga hannu zan fitar da lamba tara. Hikima ta riƙe mini hannun riga a gaban benci duka, ta ce, "La', Kabtin, ba ita ba, ta hagu ce ta gaji." Ido cikin ido. Aka fitar da ta hagu.

Ragowar wasan ita ce a bakin layi tana ihu. Ni na zauna a benci, abin da ban taɓa yi ba ana wasa. Rilwanu ya tambaya, na ce gwiwata ce.

Gwiwar lafiyarta lau, amma ba sai ya sani ba.