Akwatin Mai Gari Ya Kwashe Mini Jama'a

Lahadi, 6 ga Maris, 1994
Shekara talatin Malam Tiwari na makaranta yana kiran littafin nan shirmen jahilai. Littafin gimbiyar da aka kulle a gidan asiri ƙarƙashin dutse. Ban taɓa shiga aji ba, a cikinsa na koyi baƙi ɗaya bayan ɗaya, don na gaji da jiran mai karanta mini. Duk Lahadi ni ke karanta wa unguwarmu a gindin darbejiya. Yau mutum biyu suka zo. Sauran suna gidan mai gari, wai an sa labarin a talabijin.

Lahadi, 13 ga Maris
Mutum ɗaya. Jageshar. Shi ma kurma ne.

Laraba, 16 ga Maris
Matar ɗana, Phulmati: "Baba, tunda ba mai saurare, in ba mai shago takardun littafin nan ya ƙunsa gyaɗa? Ina son akwatin da suke ciki." Na ce ranar da za a ƙona gawata bisa al'adarmu ta haɗa da su. Ta ba ni mako biyu.

Lahadi, 20 ga Maris
Ba kallo na je ba, hanya ce ta bi da ni gidan mai gari. A talabijin, ɗan leƙen asirin yariman da ke neman gimbiya ya ɗaga hannu, ya ɓace ɓat. Na miƙe na ce ƙarya ne! A littafi ba shi da tsafi, jaka gare shi: fentin fuska, gemun ƙarya, garin sa barci. Da wayo yake zama kuyanga. Yara suka ce, "Kaka, zauna, ka kare mana gimbiya!" Aka tuntsire da dariya. Tiwari bai yi ba.

Lahadi, 27 ga Maris
Da aka kashe akwatin talabijin sai ga Tiwari a gindin darbejiya. "Dukhharan, a wane kashi na littafin garin barcin yake?" Ya zauna a ƙasa da farin wandonsa. Mutum tara suka biyo shi. Na karanta har murya ta dashe. Phulmati ta kawo ruwa, ta daɗe ba ta koma ba.

Lahadi, 3 ga Afrilu
Na mayar da karatu zuwa bayan an gama nuna nasu. Saboda inuwa ne kawai. Yarinyar da ke fitowa gimbiya ba laifi.
Na aika wa masu talabijin wasiƙa da hannuna, Tiwari adireshi kaɗai ya rubuta. Wa ya ba su izinin raba mutum da jakarsa? Wanda ya yi, ya ɗauki alƙalami ya amsa mini. Ni, Dukhharan na Chunar.